Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Sojanmu, Dajinmu da Tauraron Wasu

Jama'a, yau zan shiga wata gona wadda ba tawa ba, domin ni ban taɓa sa kaki ba, ban kuma karanci injiniya ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsoma baki shi ne wata tsohuwa da na gani da idona a kan dutse, riƙe da wayar salula, tana ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa.

A daminar shekarar 2013 ne. Goggona ce, ƙanwar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye tsakanin Kibiya da Saya-Saya. Ɗanta na biyu soja ne, an tura su Borno. A ƙauyen nasu a lokacin ba a samun sabis sai an hau wani ɗan fa da ke bayan gari, don haka kullum bayan la'asar sai ta sa jikanta ya riƙe mata hannu su hau. Ranar da na je gaishe ta can na tarar da ita. Na ce, "Goggo, ai da kin huta da wannan hawa, gwiwar nan taki ba ta so." Ta ce, "Ɗan nan, yau kwana arba'in ke nan ban ji muryar ƙaninka ba. Ko dai dutsen ne ya daina kamawa?"

Dutse bai daina kamawa ba. Abin da Goggo ba ta sani ba shi ne, tun bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, 2013, an rufe layukan salula a can baki ɗaya. Ko da ta hau Dutsen Dala, babu wayar da za ta shiga. Allah ya sa yaron ya dawo da ransa da lafiyarsa. To amma tun daga wannan rana wata tambaya ta tsaya mini a rai: idan aka kashe wayar kowa da kowa, shi sojan da ke tsakiyar daji da me yake magana da na bayansa? Kuma abin da yake maganar da shi, na wane ne?

Bari in ɗan yi wa mai karatu shimfiɗa, gwargwadon abin da na fahimta daga karatu da kuma hira da shi ƙanin nawa.

Hanyoyin da soja ke magana a fagen daga kusan uku ne. Ta farko ita ce oba-oba, wadda kowa ya sani a hannun 'yan sanda da masu gadi. Ita maganarta a miƙe take tafiya kamar hasken cocila. Idan fili ne fetal za ta yi 'yan kilomitoci, amma da zarar dutse ko kurmi ya shiga tsakani, shi ke nan, sai shuuu. Wanda ya san duwatsun Rano da na Rurum ya san irin wurin da nake nufi, inda mutum biyu za su kasance kusa da juna amma tsauni ya raba su. Ta biyu ita ce rediyo mai gajeren zango, irin zangon da iyayenmu ke kama BBC da shi. Ita tana cilla magana sama, ta daki wani rufi na iska da ke can ƙololuwa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Tana da kyau, ba ta buƙatar kowa, sai dai tana da halin tsiya: zangon da ya yi aiki da rana ba lalle ya yi da dare ba, ga ƙara, ga shi ba ta iya ɗaukar hoto ko taswira cikin sauri. Ta uku ita ce ta tauraron ɗan'adam. Nan kam soja zai tsaya a ƙarƙashin sararin Allah, na'urarsa ta aika magana sama kai-tsaye, tauraro ya karɓa ya sauke ta a hedikwata, ko da tsakaninsu akwai dutse dubu.

Su ma taurarin iri-iri ne. Akwai masu zama can nesa, kimanin kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, suna juyawa daidai da juyin ƙasa, don haka kullum a wuri ɗaya ake ganinsu. Irinsu ne na Thuraya, wayar nan ta kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasarmu suka yi ta yayi a farkon shekarun 2000. Akwai kuma masu yawo ƙasa-ƙasa da yawa, suna miƙa wa juna magana kamar masu miƙon bulo a wurin gini. Iridium na da guda 66 a nisan kimanin kilomita 780, Starlink kuwa na da dubbai a wajen kilomita 550.

To ina ruwan mutumin Rano da Kibiya da duk wannan? Ai kuwa da ruwansa, har da tsaki.

Mu a kudancin Kano ba baƙin wannan matsala ba ne. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi wanda ya hau mulki a 1855, mayaƙan Ningi irin su Ɗan Maje sun addabi wannan yanki da hare-hare. Su fito daga duwatsunsu, su faɗa wa ƙauye, su kwashi mutane da dukiya, kafin labari ya isa birni a ɗaura wa doki sirdi sun koma. Abin da kakanninmu ke da shi na sadarwa bai wuce ganga da ƙaho da mahayi mai gudu ba. Garin da ya ji labari da wuri ya rufe ƙofar ganuwa ya tsira, wanda labari ya makara masa ya kwana a daji ko ya wayi gari a hannun mahara. Ashe tun wancan lokaci saurin labari shi ne rabin yaƙi.

Haka kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawa suka kwashi samarin ƙasar nan zuwa Bama, da yawansu daga ƙasar Hausa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta kutsa kwarin Kaladan a 1944. Abincinta da harsashinta daga jirgin sama ake jefo mata. Kuma jirgin ba ya zuwa sai an kira shi ta rediyo an gaya masa inda ake. Ma'ana, da rediyon nan zai mutu, da tuwon dubban mutane ya mutu tare da shi. Tsofaffin 'yan mazan jiya da muka tarar a garuruwanmu suna ba da labarin Bama, wannan ƙaramin akwati mai eriya na cikin abubuwan da Allah ya sa suka zama sanadin dawowarsu.

Yau kuma ga dajin Falgore a bayan gidanmu, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa. Mun ga yadda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi maɓoya wajen 2015 da 2016, har sojoji suka shiga da atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017, daga baya gwamnatin Ganduje ta gina musu sansanin horo a can. A ƙarshen 2025 kuma mun ji yadda 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga Katsina suna kai hari a Shanono da Tsanyawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ba sai an gaya maka abin da za ka yi wa naka ba.

Ga inda nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Duk lokacin da abu ya ƙazanta a ƙasar nan, dabarar da hukuma ke saurin ɗaukowa ita ce kashe sabis. An yi a 2013. An sake yi a watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe layuka a duk faɗin Zamfara bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, aka kuma biyo da ƙananan hukumomi 13 a Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Ba zan yi wa masu wannan shawara rashin adalci ba, suna da hujja. Da waya infoma ke gaya wa ɓarawo cewa ga motar sojoji nan ta fito. Da waya ake cinikin kuɗin fansa. Da waya ake tayar da wasu bama-baman. Kuma gaskiya ne a watannin da aka rufe layi a 2013 ne aka fatattaki 'yan Boko Haram daga cikin birnin Maiduguri, da taimakon matasan nan 'yan kato-da-gora.

Amma mu duba ɗaya gefen. A watan Yuni na 2013, wata ɗaya kacal da rufe layukan, sai rundunar JTF ta bakin kakakinta Laftanar Kanar Sagir Musa ta fito ta haramta amfani da Thuraya a Borno, ta ce ta gano da ita maharan ke tsara ɓarnarsu. Kun ga ke nan an toshe ƙofa, ɓarawo ya bi ta sama. Ranar 6 ga Yuli na wannan shekara aka faɗa wa makarantar sakandaren gwamnati da ke Mamudo a Yobe, aka kashe ɗalibai da dama suna barci. Bayan haka Gwamna Ibrahim Gaidam da kansa ya roƙi a dawo da sabis, domin rashinsa ya hana mutanen gari sanar da jami'an tsaro idan sun ga baƙuwar fuska. A 2021 ma rahotanni sun nuna 'yan bindigar da ke kusa da iyaka layin Nijar suka koma kamawa, wasu kuma suka rungumi oba-oba. Wa aka bari a duhu? Mai jego da naƙuda ta zo wa da gardama, da ɗan kasuwar da kuɗinsa ke banki, da dagacin da ya hangi babura hamsin sun nufo gari ba shi da yadda zai yi. An kashe fitila don kada ɓarawo ya gani, alhali shi ɓarawon da cocilarsa ya zo.

Saboda haka ra'ayina shi ne, maganin ba ya cikin kurmantar da talaka. Yana cikin tabbatar da cewa kunnen soja ya fi na ɗan ta'adda ji, muryarsa kuma ta fi tasa nisa, a kowane lungu, da sabis ko babu. Wannan kuwa ba zai samu ba sai da sadarwar tauraron ɗan'adam wadda soja zai iya goyawa a baya ko ya ɗora a kan mota yana tafe yana magana.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Tauraron wa?

Wani zai ce ai abu ne mai sauƙi, a sayo Thuraya ko Starlink a raba wa bataliyoyi, tunda Starlink ma ya shigo Nijeriya tun watan Janairu na 2023, mu ne ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki a cikinta. To a tambayi mutanen Yukren. Ranar 24 ga Fabrairu, 2022, sa'a guda kafin tankokin Rasha su tsallaka iyaka, aka yi wa hanyar sadarwar kamfanin Viasat kutse, dubban na'urori suka mutu nan take, ciki har da waɗanda sojojin Yukren ke dogaro da su. Ɓarnar ta kai har Jamus, inda injinan samar da lantarki daga iska kimanin 5,800 suka rasa hanyar da ake sarrafa su daga nesa. Starlink ne ya kawo wa Yukren ɗauki, kuma ya yi musu rana ƙwarai. Amma a cikin wannan shekarar dai, da suka nemi a buɗe musu shi a gaɓar Kirimiya don su kai wa jiragen ruwan Rasha hari, sai mai kamfanin, Elon Musk, ya ƙi. Mutum ɗaya, wanda ba wanda ya zaɓe shi a Yukren, ya yanke hukunci a kan yaƙin ƙasa guda. Ban ce ya yi daidai ko bai yi ba. Abin da nake cewa, wanda ya hau dokin aro, duk inda mai doki ya ce sauka, dole ya sauka.

Ga kuma wani haɗarin. Ita wayar tauraro ba ta da sirri kamar yadda mutane ke zato. Duk wanda ya kunna ta kamar ya hura wuta ne a tsakiyar fili da daddare. A watan Afrilu na 1996 Rasha ta kashe jagoran 'yan awaren Chechniya, Dzhokhar Dudayev, da makami mai linzami bayan ta bi sawun wayar tauraron da yake magana da ita. A yaƙin Iraƙi na 2003, sojojin Amurka sun hana 'yan jaridar da ke tafe da su amfani da Thuraya, don tsoron kada ta tona inda rundunar take. Ke nan idan ka miƙa wa sojanmu wayar kasuwa wadda ba a ɗaure maganarta da mabuɗin sirri namu na kanmu ba, ka ba shi baki, ka kuma rataya masa ƙararrawa a wuya.

Manyan ƙasashe sun gane wannan tuntuni. Ingila na da taurarin sojinta da take kira Skynet, Faransa na da Syracuse. Amurka ta harba taurari biyar na tsarin MUOS tsakanin 2012 da 2016, waɗanda aikinsu shi ne su bai wa sojan da ke tafe da ƙafa damar magana kamar mai riƙe da salula. Kuma ko da kamfanin Iridium ya karye a 1999 har ana shirin barin taurarinsa su faɗo su ƙone, ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙulla kwangilar dala miliyan 72 a watan Disamba na 2000, ta ceto shi, kuma tana da tashar saukar maganarta ta daban a Hawaii. Wato ko haya za su yi, sai sun riƙe makullin ɗaki.

Mu fa? Ba a ce ba mu yi komai ba. An harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin a watan Mayu na 2007, ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar fukafukan da ke tara masa hasken rana. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R ranar 19 ga Disamba, 2011. Akwai kuma hukumar kula da sararin samaniya ta ma'aikatar tsaro a Abuja, wadda aka yi wa doka a 2016. Duk wannan abin a yaba ne. Amma akwai abu biyu da ya kamata mu sani. Na ɗaya, shekara 15 aka ƙiyasta wa 1R zai yi yana aiki. Mai karatu ya ɗora 15 a kan 2011 ya ga abin da ya samu. Na biyu, an ƙera shi ne domin talabijin da intanet da makamantansu, masu buƙatar a kafa faranti a saita shi. Faranti na da amfani a bariki da sansani, har da kan babbar mota. Amma kofur ɗin da aka yi wa kwanton-ɓauna a cikin kurmi, harsashi na shawagi a kansa, ba shi da lokacin saita faranti. Abin da yake buƙata shi ne ya danna maɓalli ɗaya a ji shi.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne abin na da tsada. Amma ƙasar da tun 2015 ake ta shari'a a kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai ba ta da bakin cewa tsada ce ta hana ta. Kuma mu tuna, jirgin yaƙi komai kyansa, idan wanda ke ƙasa bai iya gaya masa inda abokan gaba suke da inda 'yan gari suke ba, to ko dai ya dawo da bam ɗinsa, ko ya sauke shi inda bai dace ba. Abin da ya faru a Rann a watan Janairu na 2017 da Tudun Biri a watan Disamba na 2023 ya ishe mu wa'azi a kan tsadar rashin sahihin bayani a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

To me nake so a yi? Abu huɗu ne, kuma ina miƙa su ga mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya a Majalisar Wakilai, da sanatan Kano ta Kudu, da masarautarmu ta Rano.

Na farko, duk wata ƙaramar runduna da za a tura daji, ko Falgore ne ko Sambisa, kada ta fita sai da hanya uku: oba-oba, da rediyo mai gajeren zango, da ta tauraro. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta yi. Kuma a haɗa musu da sola da batir na sauyi, domin na'urar miliyoyin naira da batirinta ya mutu ba ta fi dutse ba.

Na biyu, duk tauraron da ƙasar nan za ta sake saye, a ware wa tsaro kasonsa tun daga zane, a kuma tabbatar makullin sirrinsa da tashar sarrafa shi suna hannun 'ya'yanmu. Kafin nan, in haya ta zama dole, kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Muna da Jami'ar Bayero, muna da jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil, ga NDA a Kaduna. Yaran da ke gyaran waya a Farm Centre ba tare da sun shiga aji ba sun isa shaida cewa ƙwaƙwalwa ba ita muka rasa ba.

Na uku, kuma wannan ya fi damuna: idan har wata rana, Allah ya kiyaye, aka ga babu makawa sai an rufe sabis a wani yanki namu, to kada a rufe sai an bar wa jama'a taga. A ajiye rediyo ko wayar tauraro mai rajista a gidan hakimi, da babban asibiti, da makarantun kwana, wadda ba ta kiran kowa sai ɗakin tsaro. Za a ce ai za ta iya faɗawa hannun miyagu. E, za ta iya. Amma na'urar da aka san lambarta ana iya kashe ta daga nesa cikin minti ɗaya, ran ɗalibi kuwa ba a dawo da shi.

Na huɗu, a tuna da su Goggo. Sojan da ya san mahaifiyarsa ta ji muryarsa ya fi wanda zuciyarsa ke gida tsayawa a daga. Minti uku a mako, ta layin da hukuma ke sa wa ido, ba zai rusa sirrin yaƙi ba.

Kwanakin baya na koma ƙauyen. Yanzu an kafa ƙarfen sabis a kusa, ba mai hawa dutse kuma. Goggo ta tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma wayar na nan ƙulle a bakin zanenta. Jikan nan da ke riƙe mata hannu ya zama saurayi, har yana maganar shi ma aikin soja yake so. Da na tambaye ta ko za ta bar shi, sai ta yi shiru, can ta ce, "In dai zan riƙa jin muryarsa, Allah ya ba da sa'a."

Allah ya kare mana sojojinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon gyara tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wanda ya fi ni sanin wannan fanni, musamman 'yan'uwa da suka yi aiki a sashen sigina, ƙofar gyara a buɗe take. Wassalam.